Ranji: baƙon da ya buga wa Ingila wasa, ya koma gida ya ci sarauta

 Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

Kwanakin baya musu ya kaure a ofishinmu bayan sallar Azahar, a kan yaran nan da iyayensu 'yan Najeriya ne amma suke buga wa Ingila ƙwallo. Wani abokin aikina ya dage cewa Bukayo Saka ya juya wa ƙasar iyayensa baya. Ya kawo misalin Ademola Lookman, wanda ya ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 da rigar Ingila a 2017, daga baya ya dawo Najeriya har ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2024. Wani ya ce haba, a bar yaro ya ci arzikinsa inda aka haife shi aka raine shi, mu me muka tsinana masa? Na uku ya tuna mana irin zagin launin fata da Saka ya sha a watan Yulin 2021, daren da ya ɓarar da fanareti a wasan ƙarshe da Italiya a Wembley. Ni dai ban ce uffan ba, domin hankalina ya tafi kan wani mutum da aka yi wannan musun a kansa tun 1896.

Sunansa Kumar Shri Ranjitsinhji, Turawa suka gajarta shi zuwa Ranji. Ɗan Indiya ne, wasansa kuwa kurket. Shi ne mutumin Indiya na farko da ya buga babban wasan ƙasa da ƙasa a wannan fanni, kuma Ingila ya buga wa. Tun ina jami'a nake son karanta tarihin mulkin mallaka, a can na fara cin karo da shi, kuma duk sanda aka tayar da zancen wa ya kamata ya sa rigar wa, sai ya faɗo mini a rai.

Na san da yawanmu ba mu san kurket ba sai a fim ɗin Lagaan na Aamir Khan, inda ƙauyawa suka kara da Turawa a kan haraji. To shi ne dai wasan. Ƙungiya biyu ce, kowace mutum 11. Ana kafa sanduna uku a ƙasa, mai jifa ya sheƙo da gudu ya wurgo ƙwallo mai taurin gaske yana neman ya kayar da su, mai duka kuma ya tsaya a gabansu da faffaɗan katako yana karewa yana make ƙwallon. Idan ya buga ta yi nisa sai ya ruga tsakanin sandunan gefe biyu, kowane gudu maki ɗaya. Idan aka kayar da sandunansa ko aka cafe ƙwallon kafin ta taɓa ƙasa, ya fita ke nan, wani ya shigo. Mutum ya tara maki 100 a tsayuwa ɗaya, kamar a ce ɗan ƙwallo ya ci uku rigis a wasa guda ne. Babban wasan ƙasa da ƙasa kuma, wanda ake kwanaki ana yi, shi ake kira Tes, kuma na farkonsa an yi shi ne a Melbourne a watan Maris na 1877 tsakanin Ostireliya da Ingila.

An haifi Ranji ranar 10 ga Satumba 1872 a wani ƙauye na masarautar Nawanagar, a yankin Kathiawar da ke jihar Gujarat ta yanzu. A lokacin Indiya kashi biyu ce. Akwai inda Turawa ke mulki kai tsaye, akwai kuma masarautu sama da 500 da aka bar wa sarakunansu gadonsu, amma da Bature a gefe yana sa ido, kuma shi ke da ta cewa a kan wanda zai gaji sarki. Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi kansa Lugga a Madras ta Indiya aka haife shi a 1858, ya kuma yi aikin soja a can kafin ya zo mana, har kalmar daba da muke cewa hawan daba daga can ta biyo Turawa. Don haka idan na ce makomar yaron nan tana hannun wani Bature mai riƙe da fayil, kun gane abin da nake nufi.

Mahaifin Ranji ba sarki ba ne, amma gidansu dangin sarauta ne. Sarkin Nawanagar, wanda ake yi wa laƙabi da Jam Sahib, sunansa Vibhaji. Ya cire ɗansa na fari daga layin gado, yaron da ya ɗauko ya maye gurbinsa kuma ya rasu, sai ya zaɓi Ranji yana ɗan shekara shida a matsayin magaji. Ba a kammala ƙa'idojin ɗaukar ba sai ga wata daga cikin matan fada ta haifa wa sarki ɗa namiji a 1882, aka sa masa Jaswantsinhji. A 1884 gwamnatin Turawa ta amince cewa wannan jaririn shi ne magaji. Ranji yana da shekara 12 aka zare masa tabarmar da aka shimfiɗa masa. Ku riƙe wannan, domin duk abin da ya yi a rayuwarsa daga baya yana da alaƙa da wannan kujera da ta kuɓuce masa.

Abin da ya rage masa shi ne makaranta. Yana karatu a kwalejin Rajkumar da ke Rajkot, wadda Turawa suka buɗe a 1870 don horar da 'ya'yan sarakuna a kan tarbiyyar Ingila, kuma kurket yana cikin darasin. Shugaban makarantar, Chester Macnaghten, ya ga yaron yana da kai, sai ya tafi da shi Ingila a 1888, bai ma cika shekara 16 ba. Ya sauka a gidan wani limamin coci a Cambridge, daga baya ya shiga kwalejin Trinity. Gaskiya karatu bai dame shi ba, har ya bar jami'ar bai samu digiri ba. Abokansa da suka kasa furta sunansa suna kiransa Smith. Mutanen gari kuwa suna ce masa yarima, shi kuma bai taɓa gyara musu ba, ya ma ɗauki rayuwar yarima: manyan kaya, kyauta ba lissafi, walima a kai a kai, alhali ɗan abin da ake aiko masa daga gida bai kai ko kusa ba.

A fagen wasa yana da aibi guda a farko. Idan aka wurgo ƙwallo da ƙarfi sai ya ja da baya, tsoro dai irin na kowa. Wani ƙwararren mai jifa, Dan Hayward, da ke horar da shi, sai ya ɗaure masa ƙafar dama a ƙasa don kada ya motsa. Da ya ga ba halin gudu, sai ya koyi murɗa jikinsa ya goge ƙwallon da tsintsiyar hannu ta wuce ta bayan ƙafarsa. A zamanin, manyan 'yan wasan Ingila suna ganin rashin ladabi ne a buga ƙwallo ta wannan ɓangaren, saboda haka kusan duk masu tsaron fili a ɗaya gefen ake jera su. Ranji ya ga fili fetal babu kowa, ya yi ta kwasar maki a wurin. Wannan bugu da ya samo asali daga tsoro da igiya, shi ne yau kowane yaro mai koyon kurket a duniya yake koya, kuma da sunan Ranji ake danganta shi.

Duk da haka sai da ya jira. Kyaftin ɗin ƙungiyar jami'ar, Stanley Jackson, ya daɗe bai ɗauke shi da muhimmanci ba, sai a 1893 aka sa shi cikin waɗanda suka kara da Oxford, ɗan Indiya na farko da ya samu wannan matsayi. Abin sha'awa, labarin fim ɗin Lagaan ma a 1893 aka gina shi, kuma a yankin Kutch aka ɗauke shi, tsallaken ruwa kaɗan daga garin su Ranji. A 1895 ya shiga ƙungiyar gundumar Sussex, wasansa na farko a filin Lord's na Landan ya tara 77 a tsayuwar farko, 150 a ta biyu. Daga ranar jaridu suka kama sunansa.

A 1896 'yan Ostireliya suka zo Ingila don wasannin Tes uku. Lokacin babu kwamitin zaɓe na ƙasa, hukumar filin da za a yi wasa ita ke zaɓen 'yan wasan Ingila. Wasan farko a Lord's ne, hannun kulob ɗin MCC, kuma mai faɗa a ji a can shi ne Lord Harris, tsohon kyaftin ɗin Ingila, wanda bai daɗe da sauka daga kujerar gwamnan Bombay ba. Harris ya ƙi a sa Ranji. Hujjarsa ita ce ba haifaffen Ingila ba ne, ɗan ci-rani ne da zai yi kwana biyu ya wuce. Abin dariyar shi ne, Harris ɗin nan da kansa a tsibirin Trinidad aka haife shi, lokacin mahaifinsa yana gwamna a can. Wato dokar wurin haihuwa tana aiki a kan wani, ba ta aiki a kan wani. Duk wanda ya taɓa bin layin neman takardar shaidar asali a garin da aka haife shi ya san irin wannan lissafi.

Wasa na biyu a filin Old Trafford na Manchester ne, kuma mutanen Lancashire ba su ga dalilin barin gwanin da ya fi kowa tara maki a shekarar yana zaune a benci ba. Ranji ya ce zai buga idan baƙin ba su da ja, kyaftin ɗin Ostireliya Harry Trott ya ce su kam suna maraba. A watan Yulin 1896 ya shiga fili. Tsayuwar farko ya samu 62. A ta biyu Ingila tana cikin tsaka mai wuya, abokan wasansa suna ta fita ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa ya tsaya har ƙarshe da maki 154 ba a fitar da shi ba, cikin 305 da ƙungiyar gaba ɗaya ta tara. Sama da 100 daga ciki a safiyar rana ta uku ya same su kafin a tafi cin abincin rana, abin da ba a taɓa yi a wasan Tes ba. Ingila ta sha kashi duk da haka, amma ba wanda ya fita daga filin yana zancen wani in ba Ranji ba.

Shekarun da suka biyo baya nasa ne. A kakar 1896 ya tara maki 2,780 a manyan wasanni, ya karya tarihin da W.G. Grace, uban kurket na Ingila, ya kafa tun 1871. A watan Agustan shekarar ya yi ɗari sau biyu a rana ɗaya a kan Yorkshire. A ƙarshen 1897 ya bi ayarin Ingila zuwa Ostireliya, ya tashi daga jinyar ciwon maƙogwaro ya tara 175 a Sydney, wanda a lokacin babu ɗan Ingila da ya taɓa kai shi a Tes. A 1899 ya zama mutum na farko da ya haye maki 3,000 a kaka guda, ya maimaita a 1900. Ya riƙe kyaftin na Sussex daga 1899 zuwa 1903, Bature goma suna bin umarnin ɗan Indiya a tsakiyar zamanin mulkin mallaka. Jimilla ya buga wa Ingila Tes 15 da maki 989, na ƙarshe a 1902 a Old Trafford ɗin da ya fara. A manyan wasanni duka ya tara 24,692, ya yi ɗari sau 72.

Amma ku lura da yadda aka yabe shi. Marubutan Ingila sun fi son su ce wasansa sihiri ne na mutanen gabas, su kwatanta shi da mai rufa-ido. Sa'o'in da ya shafe yana atisaye da ƙafa a ɗaure ba su cika shiga labarin ba. Idan Bature ya ƙware sai a ce ƙwazo da tarbiyya, idan baƙo ya ƙware sai a ce baiwa ce ta jinsinsu. Har gobe idan kuka saurari yadda wasu masu sharhi ke bayanin 'yan ƙwallon Afirka, ƙarfi da gudu za ku fi ji, ba a cika ambaton basira ba. Shi Ranji bai yi faɗa da wannan hoto ba, ya ma yi amfani da shi. Littafin da ya fitar a kan kurket a 1897, wanda amininsa C.B. Fry ya taimaka masa sosai wajen rubutawa, Sarauniya Victoria ya sadaukar wa, a shekarar da ta cika 60 a kan mulki.

Dalili kuwa, idonsa yana kan Nawanagar. Sarki Vibhaji ya rasu a 1895, aka ba wa yaron nan Jaswantsinhji gado. Ranji kuma bashi ya yi masa katutu a Ingila, teloli da masu otal da masu shaguna kowa yana bin sa, yana ta yi musu alkawarin sai ya hau gado. Da ya taso daga Ostireliya a 1898 bai koma Ingila ba, ya tsaya Indiya ya yi watanni yana zagaya fadoji yana neman goyon baya, ya rasa kakar wasa guda sukutum. Wasu manyan sarakuna irin na Patiala suka tallafa masa da kuɗi. A Ingila kuma masoyansa suka yi ta yaɗa cewa an zalunci gwarzonsu an ƙwace masa gado. Turawan mulki ba su sauya hukunci ba a lokacin, amma sunansa ya riga ya shiga kunnen duk wanda ke da hannu a maganar.

A watan Agustan 1906 Jaswantsinhji ya rasu yana matashi, bai bar magaji ba. Masu neman kujerar sun fi ɗaya, Turawa suka zaɓi wanda duk Ingila ta sani. A watan Maris na 1907 aka naɗa Ranji Jam Sahib na Nawanagar, shekara 23 bayan an cire shi. Katakon kurket ya dawo masa da abin da fayil ya ƙwace. A yi masa adalci, ya yi aiki: ya gyara birnin Jamnagar ya fitar da manyan tituna, ya inganta tashar jiragen ruwa ta Bedi wadda ta riƙa kawo wa masarautar kuɗin shiga, ya faɗaɗa layin dogo. Sai dai ƙasa ce mai fama da fari da annoba, shi kuma sarkinta yana son lu'ulu'u da dogon hutu a Turai. Da wasu masu bin sa bashi suka nufi kotu a Ingila, lauyansa cewa ya yi ai yanzu sarki ne mai cin gashin kansa, kotun Ingila ba ta da hurumi a kansa. A 1924 ya sayi katafaren gidan Ballynahinch a yammacin Ireland don kamun kifi.

Biyayyarsa ga Turawa ba ta taɓa yin rauni ba. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914 ya tafi Faransa da kakin soja, ya ba da gidansa na Ingila aka mai da shi asibitin sojoji. A watan Agustan 1915, wajen farautar tsuntsaye a Yorkshire, harbin wani abokin farauta ya same shi a fuska ya rasa idon dama. Ya gwada komawa fili a 1920, yana da shekara 47 da ido ɗaya da ƙiba, wasa uku ya yi ya haƙura. A shekarar ce kuma ya fara wakiltar Indiya a taron Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani a Geneva, ya tafi da amininsa Fry a matsayin mai taimaka masa.

To ina kurket na Indiya a duk wannan? A nan ne labarin yake yi mini ɗaci. A daidai lokacin da Ranji ke tashe a Ingila, akwai wani yaro a Poona mai suna Palwankar Baloo, ɗan ƙabilar da tsarin jinsi na Hindu ya ɗauka ƙazantattu ne, ba a haɗa kwano da su. Aikinsa share filin wasan Turawa da daddale shi, a nan ya koyi jifa har ya gagari kowa. Ƙungiyar Hindu ta ɗauke shi don ba yadda za ta yi, amma a farkon lamari idan aka tafi hutun shan shayi, a waje ake miƙa masa nasa. A 1911 Indiya ta tura ayarinta na farko da ya haɗa kowane addini zuwa Ingila. Ranji, ɗan wasan Indiya mafi suna a duniya, ba ya ciki. Sarkin Patiala mai shekara 19 aka ba kyaftin. Ayarin ya sha kashi a yawancin manyan wasanninsa, amma Baloo ya fitar da masu duka 114 a wannan tafiya. Ya dawo gida jama'arsa suka yi masa gagarumar tarba, cikin masu yi masa maraba har da wani ɗalibi mai suna Ambedkar, wanda daga baya ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya.

Ranji yana da ɗan ɗan'uwa, Duleepsinhji, wanda ya ɗauki nauyin karatunsa a Ingila. Shi ma gwani ne, ya buga wa Ingila Tes 12, ya tara 173 a kan Ostireliya a Lord's a 1930, filin da aka hana baffansa shiga shekara 34 kafin nan. Da Indiya ta samu damar buga Tes ɗinta na farko a watan Yunin 1932, Duleep ba ya cikin ayarin. Anthony de Mello, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa hukumar kurket ta Indiya, ya rubuta daga baya cewa da suka nemi taimakon Ranji, amsar da ya ba su ita ce shi da Duleep 'yan wasan Ingila ne. Ku kwatanta da Iftikhar Ali Khan, Nawab na Pataudi, kakan jarumin fim Saif Ali Khan. Shi ma ya buga wa Ingila, ya yi ɗari a wasansa na farko a Sydney a 1932, amma a 1946 shi ya jagoranci ayarin Indiya zuwa Ingila, ɗansa Mansoor kuma ya zama kyaftin ɗin Indiya a bayansa.

Ƙarshen Ranji akwai darasi a ciki. Ya zama shugaban majalisar sarakunan Indiya, yana adawa da shirin haɗa masarautu cikin tarayya guda, don yana ganin ƙarshen sarauta ke nan. A watan Maris na 1933 yana cikin jawabi a zauren majalisar a Delhi, wakilin Sarkin Ingila, Lord Willingdon, ya katse shi a gaban sauran sarakuna ya ce ya fita daga batun da ake kai. Mutumin da ya ba daular nan ƙuruciyarsa da dukiyarsa, aka zaunar da shi kamar ɗan makaranta. Ya koma Jamnagar, ranar 2 ga Afrilu 1933 ya rasu yana da shekara 60. Shekara guda bayan haka hukumar kurket ta Indiya ta ƙirƙiro gasar ƙasa, Sarkin Patiala ya ba da kofin, aka sa mata sunan Ranji. Har yau ita ce babbar gasar cikin gida ta Indiya, ta nan su Sachin Tendulkar da Virat Kohli suka biyo. Baloo ya rasu a 1955, kuma sai da masana tarihi suka tono labarinsa kafin yawancin 'yan ƙasarsa su san shi.

Ga abin da na so in faɗa a ofis ran nan ban faɗa ba. Ni ban ga laifin Ranji don ya buga wa Ingila ba. A 1896 Indiya ba ta da ƙungiyar Tes, sai bayan shekara 36 ta samu, to wa zai buga wa? Kuma tsayuwar da ya yi a Manchester ta yi wa mutanensa amfani ko bai yi niyya ba, domin bayan ranar ba wanda zai sake cewa ɗan Indiya ba zai iya wasan Bature ba. Inda nake tuhumarsa shi ne bayan ya samu suna da kujera da kuɗi, lokacin da kalmarsa guda za ta buɗe wa irin su Baloo ƙofofi, ya zaɓi ya tsaya a gefe. Sunan da ya samu ya kashe shi ne a kan buƙatar kansa, ya kuwa biya, amma waɗanda ya yi wa biyayyar ba su fasa tuna masa matsayinsa ba, daga Harris a farko har Willingdon a ƙarshe.

Shi ya sa musun riga bai cika burge ni ba. Yaron da aka haifa a Landan, aka koya masa ƙwallo a Landan, ba ni da bakin ce masa maci amana. Abin da zan duba shi ne nan da shekara 20, me ya gina, wa ya ɗauko, yara nawa suka samu hanya ta dalilinsa. Kuma wallahi kafin in auna Saka da wannan mudu sai da na auna kaina. Ni gwamnatin jiha ce ta biya mini kuɗin jami'a, da harajin mutanen da yawancinsu 'ya'yansu ba su gama firamare ba. Yau shekara kusan 20 ina aiki, na zauna na ƙirga yaran garinmu da zan ce na tsaya musu tsayin daka har suka kai wani matsayi, ban cika yatsun hannu ɗaya ba. Ban ji daɗin wannan lissafi ba.

Akwai wani yaro a unguwarmu da ya ci jarrabawar shiga jami'a bana, mahaifinsa ya yi mini maganarsa sau biyu ina cewa za mu duba. Gobe in Allah Ya kai mu zan neme shi. Ku kuma ina son in ji ra'ayinku a ƙasa, musamman 'yan uwanmu da ke zaune a waje: da ku ne Ranji a 1932, Indiya ta zo neman ɗanku, me za ku ce?

Allah Ya sa mu amfani na bayanmu. A yi mini afuwar tsawon rubutu.